Lafazin da Baba Ya Nutsar a Teku

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa, har yanzu ban gama dawowa daidai ba. In kun ga labarin yana tsalle daga nan zuwa can, ku kama zuciyata da laifi, ba ni ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, ni ce Auta. Mu biyu ne wajen Baba, ni da Yaya. Ina aiki a shagon tabarau, ina yini ina goge gilasai ina gaya wa mutane sun yi kyau. Wanda nake so direban motar asibiti ne. Ni Dogo nake ce masa, Yaya kuma Jiniya take kiransa don kawai ta ga na kumbura baki. Sauran abu ɗaya da ya kamata ku sani, kuma shi ne mai wuyar yarda: a gidanmu muna da yarenmu na kanmu, wanda duk faɗin duniya ba a yin sa sai a falonmu.

Baba ne ya ƙirƙire shi tun yana saurayi, lokacin yana aikin zanen taswira. Ya ce ya gaji da zana ƙasashen mutane, shi ne ya zana tasa, wani tsibiri da ya sa wa suna Sela. Ya zuba masa koguna da garuruwa, ya ba mutanensa harshe, Selanci. Mama, Allah ya jiƙanta, ita ce ta biyu da ta iya shi. Da shi ya nemi aurenta, da shi suka yi faɗa, da shi suka shirya.

Kuma kada ku ɗauka kalmomi kawai ya tara. Baba har tarihi ya yi wa bakin mutanen. A cewarsa, na farko masunta ne da suka sauka a bakin teku, suna jan magana a hankali kamar masu rera waƙa, ƙarshen kowace magana ya ɗaga sama. Wannan shi ne lafazin gaɓa. Da jikokinsu suka yi arziki suka hau tudu suka gina fada, sai suka fara jin kunyar maganar kakanninsu. Suka matse haƙora, suka ɗaga haɓa, suna datse kowace kalma kamar da almakashi. Wannan shi ne lafazin tudu, na manya, na masu ji da kansu. Akwai kuma na kasuwa, wanda ake haɗiye rabin kalma, da shi ni da Yaya muke zagin juna.

Ni da lafazin tudu na tashi. Shi ake yi a gaban Baba. Na gaɓa a labari kawai na san shi, don a taswirar da ke rataye a ɗakinsa duk ƙauyukan bakin ruwa an shafe su da shuɗin fenti. In ka tambaya sai ya ce, "Teku ya cinye su," ya ja wata maganar.

To ga dokar gidanmu: duk namijin da zai ɗauki 'yar Baba, sai ya shiga ɗakin nan ya gaishe shi da Selanci, da lafazin tudu, ya faɗi abin da ya kawo shi. In bai iya ba, Baba ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Shayi zai ba shi, ya raka shi har ƙofa, shi ke nan an gama. Mijin Yaya, wanda duk muke ce wa Lauya, wata da watanni ya yi yana zuwa darasi wajen Baba duk ƙarshen mako kafin ya tsallake. Yau in yana Selanci sai ka rantse a fadar aka yanke masa cibiya.

Dogo kuwa ina ya ga ƙarshen mako? Aikinsa ba ya sanin hutu. Sai na ce ni zan koya masa ta waya. Ina naɗar murya in tura, shi kuma ya saurara a cikin motar yayin da yake jiran kira a harabar asibiti.

*Malama, na ji. Amma sake turo na jiya, kamar akwai inda ban gane ba.*

*Ƙarya kake, jiya ka maimaita shi daidai.*

*To na gane. Muryar nake so in sake ji.*

Kun ga irin mutumin da nake fama da shi? Tun ina tura gaisuwa da ƙirge, har na koma tura masa duk abin da ya zo bakina. Yadda rana ta kasance, tsohuwar da ta gwada tabarau kusan duk na shagon ta tafi ba ta saya ba, da wasu maganganun da ba zan iya faɗa masa da harshen kowa da kowa ba saboda kunya. Dogo yana da kunne. Daga ƙarar inji yake gane abin da ke damun mota. Duk yadda na faɗi abu, haka zai dawo min da shi, har inda na ja numfashi.

Ana gobe zai ga Baba, Yaya ta ce in kawo shi gidanta a gwada shi. "Kada ya je ya ba mu kunya," in ji ta.

Muka same ta a ɗakin girki tana yanka albasa, ɗankwalinta ya zame gefe, Lauya yana jingine da firji yana cin biskit ɗin yara. Dogo ya shigo da kayan aikinsa, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa.

"Jiniya, sannu da zuwa. Yau ba a ɗauko kowa ba?"

"Na ɗauko, Yaya. Ga ta nan, ciwon so ne, ba ya jin magani."

"Allah ya shirye ka. To bismillah, mu ji."

Ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwa a gaba, ya ce, "*Omale tarin, isu wanel.*" Ma'ana, na zo ƙofarka hannuna a buɗe. Ya ci gaba, kalma bayan kalma, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ni ina gefe ina jin kaina yana girma.

Sai na ji wuƙa ta faɗi a ƙasa.

Yaya ta juyo, fuskarta ta canza. Na ɗauka albasa ce ta sa idonta ruwa.

"Wa ya koya maka haka?"

"Auta mana," ya ce. "Na yi kuskure ne?"

"Auta, ke kika koya masa haka? Ba ni in ji."

Na miƙa mata wayata ina mamaki. Ta danna ɗaya daga cikin saƙonnin. Muryata ta cika ɗakin, tana tafiya a hankali, tana lanƙwasa, tana ɗagawa a ƙarshe. Yaya ta dafa bango ta zauna a kan bokitin da aka kife.

"Innalillahi. Auta, wannan ai Mama ce."

Wallahi ban gane ba da farko. Sai da ta share fuska da gefen zaninta ta yi min bayani. Mama ba ta taɓa yarda da lafazin tudu ba. Cewa take yi na masu girman kai ne, ita 'yar masunta ce. Duk rayuwarta da na gaɓa ta yi magana, Baba yana tsokanarta da baƙauyiya, tana tsokanarsa da mai wuyan raƙumi. Lokacin da ta kwanta ciwo ni ƙarama ce, ban fara makaranta ba, ina manne da ita a gado tana yi min hira. Bayan rasuwarta ne Baba ya sayo shuɗin fenti.

"Sau ɗaya na yi gangancin yin sa," in ji Yaya. "Ina wanke kwanuka, ban ma san ya fito ba. Baba yana cin abinci, ya ajiye cokali, ya shiga ɗaki. Kwana da kwanaki bai yi wa kowa magana ba, sai da ya rame. Ke ba za ki tuna ba."

"Amma ni ai na tudu nake yi!"

"A gaban Baba, eh. Kina tsoronsa, kina matse baki. Shi wannan," ta nuna Dogo da haɓa, "ba kya tsoronsa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya ta wani gefen, tsoro ta wani gefen. Ashe duk shekarun nan da nake kukan ba na tuna muryar mahaifiyata, tana cikin bakina.

Lauya ne ya karkaɗe hannunsa daga garin biskit ya ce, "To kuka ba zai gyara ba. Ƙanina, zo nan. Yau sai ka hau tudu ko da rarrafe."

Ku zo ku ga darasi. Ya sa masa fensir a tsakanin haƙora.

"Ɗaga haɓa. Ƙara. Ka ɗauka wanda kake yi wa magana yana warin kifi."

"Surukin nawa?"

"A ranka kawai, malam! Datse. Kada ka ja. Me ya sa kake ja kamar mai kiran awaki?"

"Haka aka koya min, ranka ya daɗe."

"To a manta da abin da aka koya maka. Kotu ta soke shi."

Har Yaya sai da ta yi dariya da hawaye a fuska. Kafin mu tashi, Dogo ya iya fitar da gaisuwar a datse, amma kamar mai tafiya da takalmin aro. A hanya na ce masa ko mu ɗaga ranar. Ya girgiza kai.

"Na ce wa dattijo zan zo. In na fasa, da wane yaren zan gyara wannan?"

Washegari na rasa abin da zan sa. Na fitar da doguwar rigata mai ruwan toka na mayar, na fitar da koriya na mayar, na ƙare a mai ruwan tokar dai da farin mayafi. Na goge falo, na sake gogewa. Na jera kofunan baƙi, waɗanda ke da zaren zinariya a baki, a kan tire. Saƙo ya shigo.

*Ina ƙofa. Fensir ɗin yana aljihuna ko da za a buƙata.*

*Don Allah ka datse. Ka tuna warin kifi.*

*Ke kuma ki tuna ki yi numfashi.*

Ya sa farar riga da aka yi wa guga har tana ƙyalli, da baƙin takalmi wanda na san matse shi yake yi. Yaya da Lauya sun riga sun zo. Baba yana zaune a kujerarsa ta katako ƙarƙashin taswira, tabaraunsa a kan hanci, wanda ni na zaɓa masa, hannayensa a kan gwiwa. Ɗakin yana ƙanshin tsofaffin takardu da man shafawarsa. Na ajiye tire, na koma bakin ƙofa na tsaya, ina murza gefen mayafina.

Dogo ya durƙusa. Ya ɗaga haɓa kamar yadda aka koya masa, abin da bai dace da mai durƙuso ba sam.

"*Omale... tarin...*"

Ya datse ta farko. Ya datse ta biyu. Lauya yana gyaɗa kai a ɓoye. A ta uku harshensa ya sarƙe. Ya koma baya, ya sake sarƙewa. Na ga zufa ta tsattsafo masa a goshi. Mutumin da yake ratsa cunkoson motoci da rai a bayansa hannunsa bai taɓa rawa ba, yau ga shi yana neman kalma kamar yaro a gaban allo.

Baba ya dube shi. Hannu kawai ya miƙa wajen butar shayi.

Kun tuna abin da shayin Baba yake nufi. Shi ma Dogo ya gani. Ya rufe ido, ya sauke haɓarsa, ya saki numfashi.

Sai maganar ta zubo.

Ta zo a hankali, tana lanƙwasa, tana hawa a ƙarshe kamar ruwa yana taɓa yashi ya koma. Ya yi gaisuwar duka. Ya faɗi wane ne shi, ya faɗi aikinsa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ƙara da abin da babu wanda ya sa shi: ya ce ba shi da tudu, ba shi da fada, amma duk inda aka kira shi yana zuwa.

Hannun Baba yana kan butar, bai ɗaga ta ba, bai sake ta ba. Yaya ta toshe bakinta. Lauya yana kallon silin kamar an rubuta masa wani abu a can.

Da Baba ya yi magana, ba da Selanci ya yi ba.

"Yaro, wa ya koya maka?"

"Auta ce, Baba."

"Auta ba ta magana haka."

"Da ni haka take yi, Baba."

Na so in mutu a tsaye. Baba bai ko kalle ni ba.

"Masu wannan maganar sun ƙare," ya ce, muryarsa a bushe. "Teku ya cinye su. Ni na zana, na sani."

Da wani ne sai ya ba da haƙuri ya yi shiru. Amma Dogo, Allah ya yi shi ba ya iya ganin mai rai ya ce gawa ce.

"Ka gafarce ni, Baba, ban fi ka sanin ƙasarka ba. Amma wallahi akwai wadda ta tsira. Kullum ina jin ta a waya."



Baba ya saki butar. Ya miƙa tafin hannunsa.

"Kawo wayar."

Jama'a! Dogo ya waiwayo ya kalle ni, na zaro masa ido ina girgiza kai, amma me zai yi? Ya ciro ta, ya buɗe, ya ɗora a hannun Baba da hannu biyu.

"Ku ba ni wuri," in ji Baba. "Dukanku."

A bakin ƙofar gida na tare Dogo.

"Ka ga abin da ka jawo? Me ya sa ba ka datse ba?"

"Na ga hannunsa a kan buta, Auta. Na ce in dai korata za a yi, gara a kore ni da muryar da na sani." Ya sunkuyar da kai. "Na ɓata, ko?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Sai wani abu ya faɗo min. "Tsaya. Saƙon nan da na tura ranar da ka yi min fushi, wanda na ce ka saurara ka goge. Ka goge?"

Ya sosa ƙeya.

"Dogo!"

"Ban taɓa goge ko ɗaya ba."

Na ɗora hannu a ka. Ya tafi yana ɗingishi da matsattsen takalminsa, ba waya, ba amsa. Yaya ta so ta zauna, Lauya ya ja ta, ya ce a bar dattijo da 'yarsa.

Na dawo na zauna a ƙasa, bayana jingine da ƙofar Baba. Ta cikin katakon ina jin muryata. Ina ba da labarin tsohuwar tabarau. Saƙon ya ƙare, aka sake kunna shi. Ya ƙare, aka sake. Sai na gaba. Rana ta sauko daga taga ta kwanta a kan tayil har ta taɓa ƙafata, ni dai ina zaune ina jiran in ji abin da Yaya ta ba ni labari, wato shirun nan da ke cin kwanaki.

A wani saƙon na tambayi Dogo da Selanci, "Ka ci abinci kuwa?"

Sai na ji an amsa.

Muryar namiji ce, ta tsufa, tana karkarwa kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta ja maganar a hankali, ta ɗaga ta a ƙarshe. "Ban ci ba tukuna," in ji muryar Baba.

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Na cusa mayafi a baki, amma ina, ya ji.

"Auta. Shigo."

Na shiga ina share fuska. Ya cire tabarau ya ajiye a kan cinya, idanunsa sun yi ja. Shayin ya huce a buta, babu kofin da aka taɓa. Ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ban sani ba, Baba. Wallahi jiya na sani. Ka yafe min."

"Me zan yafe?" Ya juya ya kalli shuɗin fentin da ke saman kansa, ya dawo da ido kaina. "Yaron nan ya fi ki ja a tsakiya. Ita ba ta ja a nan sosai. Sai an gyara masa."

*Sai an gyara masa.* Wanda za a kora ai ba a gyara masa.

"Ki ce masa ya turo manyansa."

Na durƙushe a wurin, na kama gwiwarsa, ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Ya dafa kaina. Sai da na samu numfashi na ce, "Baba, ta ina zan gaya masa? Ai wayarsa tana hannunka."

Ya mayar da tabaraunsa kan hanci, ya ɗaga wayar daidai fuskarsa.

"To sai ya jira. Ban gama ji ba." Ya nuna min kujerar da ke gefensa. "Zauna. Inda ban ji da kyau ba, ki maimaita min."

Na zauna a bakin kujerar kamar mai zama a kan ƙaya. Ina kallon babban yatsansa yana gangarawa a hankali, saƙo bayan saƙo, yana wuce gajeru, yana neman mai tsawo. Ya tsaya a kan wanda ya fi kowanne tsawo, na ranar da Dogo ya yi min fushi.

"Yauwa," in ji Baba. "Bari mu ji wannan."